Alfama, Tsohuwar Unguwar Lisbon Da Ke Rasa Mazaunanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon a ba ni fili in yi bayani a kan wata tsohuwar unguwa da ke Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, wadda ake kira Alfama. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, galibi idan aka ambaci Fotugal ba a tuna komai sai ƙwallon ƙafa, alhali kuwa a jikin wani tudu na babban birninta akwai unguwar da ta ga mulkin Rumawa, ta yi fiye da shekara 400 a hannun Musulmi, ta ga zuwan dubban bayi daga Afirka, ta tsira daga girgizar ƙasar da ta rusa tsakiyar birnin, yau kuma take zubar da mutanenta a hankali saboda tsadar haya. Allah ya nufe ni da taka lungunanta na 'yan kwanaki, kuma tun daga lokacin al'amarinta bai fita raina ba.

Sunan unguwar kansa Larabci ne. Asalinsa al-hamma, wato marmaron ruwan zafi, saboda a gindin tudun, kusa da gaɓar kogin Tejo, akwai idanun ruwa masu ɗumi da mutane suka daɗe suna wanka da wanki da neman lafiya a cikinsu. Musulmi sun kama birnin wajajen shekarar 714, 'yan shekaru bayan ƙetarowarsu daga Arewacin Afirka a 711, suka riƙa kiransa al-Ushbuna. Sun tarar da gari mai tsohon tushe, domin Rumawa sun zauna a nan suna kiransa Olisipo, sun gina gidan wasan kwaikwayo na dutse a zamanin sarkinsu Agustus, wanda ƙasa ta binne har sai 1798 aka sake gano shi, sun kuma bar kwarmin gishirta kifi da har yau ake gani a ƙarƙashin wani tsohon gida na bakin kogi. A zamanin Musulmi birnin yana cikin ganuwa, fadar masu mulki tana can ƙololuwar tudu, babban masallaci yana tsakiya, ita kuwa Alfama ta tashi ne a bayan ƙofar gabas, wadda ake kira Babul Hamma. Ragowar wannan ganuwa tana nan, an jingina gidaje da ita, wasu wuraren ma sai mutum ya lura sosai kafin ya gane cewa bangon da yake dafawa ya girmi ƙasar Fotugal kanta.

Masanin taswirar duniya, Sharif al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa a 1154 a fadar Sarki Roja na Biyu na Sisili, ya ambaci wannan ruwan, yana cewa zafinsa ɗaya ne rani da hunturu. Ya kuma kawo wani labari da nake ganin ya cancanci a san shi. Ya ce waɗansu mutum takwas 'yan Lisbon, dukkansu 'yan'uwan juna, sun sassaƙa jirgin ruwa, suka loda ruwan sha da guzurin watanni, suka nausa cikin Tekun Duhu, wato Atalantika, don su ga iyakarsa. Bayan sun yi ta yawo tsakanin tsibirai, mutanen wani tsibiri suka kama su, suka ɗaure musu idanu, suka kai su suka ajiye a gaɓar Safi da ke Maroko ta yau. Idrisi ya ce akwai wani lungu kusa da wuraren wankan da aka raɗa wa sunan waɗannan masu kasada. Wannan ya faru ƙarnoni kafin jiragen Fotugal su fara zagaya Afirka, amma da wuya ka ji masu yi wa baƙi jagora sun ambace shi.

A shekarar 1147 ne al'amura suka juya. Sarkin Fotugal na farko, Afonso Henriques, ya daɗe yana kwaɗayin birnin amma ƙarfinsa bai kai ba, sai ga rundunar mayaƙan Salibiyya daga Ingila da Jamus da yankin Filandas na Beljiyam ta yau, cikin jirage fiye da 160, ta yada zango a Porto a kan hanyarta ta zuwa Gabas ta Tsakiya. Aka rinjaye su da alkawarin ganima da filaye, suka yarda su tsaya su taimaka. An yi wa birnin ƙawanya daga farkon Yuli har zuwa ƙarshen Oktoba, ana jifa da majaujawa, ana haƙa ramuka ƙarƙashin ganuwa, ana tura hasumiyoyin katako, har yunwa ta ci ƙarfin mutanen ciki suka miƙa wuya bisa sharaɗi. Wani limamin Kirista da ke cikin rundunar ya rubuta abin da idonsa ya gani, bai kuma ɓoye cewa wani sashe na mayaƙan ya karya sharaɗin ba, suka shiga wasoso da kisa, har da kashe tsohon bishof na Kiristocin da ke zaune cikin birnin tare da Musulmi. Na tsaya a kan wannan ne saboda yana nuna cewa garin da aka ci gari ne mai addinai uku, Musulmi da Kirista da Yahudu, kuma kowane ɓangare ya ɗanɗana kuɗarsa a ranar.

Nan take aka fara gina babbar majami'ar birnin, wadda suke kira Sé, a wurin babban masallacin, aka naɗa wani Bature ɗan Ingila, Gilbert na Hastings, ya zama bishof. Ginin yana nan da hasumiyoyinsa biyu masu kama da na sansanin yaƙi, kuma tonon da masu binciken tarihi suka yi a farfajiyarsa ta baya ya fito da titin Rumawa da gine-ginen zamanin Musulmi, ɗaya a kan ɗaya. Musulmin da suka rage an mayar da su bayan tudun ta arewa, unguwar da har yau ake kira Mouraria, kuma a 1170 sarki ya ba su takardar kariya wadda ta bar musu addininsu da alƙalinsu a madadin haraji. Yahudawa ma suna da 'yar unguwarsu a cikin Alfama, lungun yana nan da sunansa na Rua da Judiaria. Wannan zama ya ƙare a watan Disamba na 1496, lokacin da Sarki Manuel na Ɗaya ya ba da umarnin Yahudawa da Musulmi su bar ƙasar, a shekara ta gaba kuma aka tilasta wa mafi yawan Yahudawan shiga Kiristanci. Mutanen sun tafi, amma kalmominsu sun zauna a bakin 'yan Fotugal: tayil mai zanen shuɗi da ke lulluɓe da bangaye suna kiransa azulejo, daga az-zulaij, tsohuwar fada ta saman tudu alcáçova, daga al-ƙasaba, wurin ɗibar ruwa kuwa chafariz, daga sihrij.

Wurin da ya fi daɗe da ni a tsaye shi ne wani irin wannan maɗebar ruwa, Chafariz d'El-Rei, wato Maɗebar Sarki, wadda ke jingine da tsohuwar ganuwa tun ƙarni na 13. Yau ba ruwa a cikinta, motoci suna wucewa ta gabanta, baƙi da yawa ba sa ko ɗaga kai. Amma a ƙarni na 16, lokacin da dukiyar Afirka da Indiya ke kwarara cikin Lisbon, nan ne matattarar masu tulu da matuƙan jirage. Wani ƙidaya da aka yi a 1551 ya nuna cewa a cikin mutum kusan 100,000 na birnin, 9,950 bayi ne, wato kusan ɗaya cikin goma, akasarinsu baƙar fata 'yan Afirka, su ne masu ɗibar ruwa da wanki da dako da kwashe bahaya zuwa kogi. Saboda yawan faɗa a bakin ruwan, a wannan shekarar hukumar birnin ta raba bakunan famfon guda shida bisa launin fata da jinsi: na farko na baƙaƙen maza ne, bayi da 'yantattu, tare da barbarar yanyawa da Indiyawa, na biyu na Musulmin da ake sa wa tuƙin jiragen yaƙi, na uku da na huɗu na fararen maza, na biyar na baƙaƙen mata, na shida na fararen mata. Farin da ya saɓa doka tara da ɗauri ne hukuncinsa, baƙi kuwa bulala a bainar jama'a.

Akwai wani tsohon zane na wajajen 1570 zuwa 1580 da ya nuna wannan dandali cike da jama'a, fari da baƙi. A cikinsa ga bawa da mari yana ɗauke da tulu, ga wani baƙin mutum dogarai sun riƙe shi, sai kuma ga wani baƙin a kan doki, sanye da alkyabba mai alamar jarumtakar Santiago, wadda sarauta ce da ba kowane Bature ke samu ba. Duk wanda yake son sanin yadda 'yan Afirka suka rayu a Turai shekara 450 da suka wuce, to wannan dandalin da wannan zanen sun fi dogon jawabi. Raina ya sosu da na ga yadda wurin yake shiru, ana hanzarin wuce shi don a je ɗaukar hoto a saman tudu.

A waɗannan ƙarnoni ne masu hali suka riƙa ƙaura zuwa yamma. Lisbon ta zama babban birnin ƙasa a tsakiyar ƙarni na 13, Sarki Fernando ya kewaye ta da sabuwar ganuwa tsakanin 1373 da 1375 wadda ta haɗiye Alfama, sannan a farkon ƙarni na 16 Sarki Manuel ya sauko daga fadar tudu ya koma sabuwar fada a bakin kogi. Aka bar unguwar ga masunta da matuƙa da 'yan dako da mata masu tallar kifi, kuma wannan talauci ne ya taimaka wajen adana ta, don ba wanda ya damu ya rushe ta ya gina abin alfahari.

Sai ranar 1 ga Nuwamba 1755, da hantsi, ranar idin tunawa da waliyyan Kirista, lokacin da majami'u ke cike kuma kyandirori ke ci, ƙasa ta girgiza. Waɗanda suka tsere zuwa bakin kogi igiyar teku ta taso ta shafe su, gobara kuma ta yi kwanaki tana cin abin da ya rage, mutane dubbai barkatai suka hallaka. Tsakiyar birnin, wadda ke kan ƙasa mai laushi a cikin kwari, ta zama kufai. Babban waziri na Sarki José, wanda daga baya aka sani da Markis na Pombal, ya sa aka share ta aka ja sababbin tituna miƙaƙƙu kamar an ja da zare. Alfama ma ta sha ɓarna, majami'u sun tsage, gidaje sun faɗi, amma da yake tana zaune a kan dutse mai ƙarfi ba ta baje gaba ɗaya ba, masu gidaje kuma suka sake gini a kan tsofaffin harsasai. Shi ya sa yawancin gine-ginen da ake gani yau na bayan girgizar ne, amma tsarin lungunan na dā ne: rariyoyi masu murɗewa, matakala a madadin titi, ƙananan dandali, da lungunan da ba su ɓullewa. Akwai inda rufin gidaje biyu masu fuskantar juna ke neman taɓa juna. Wanda ya taso daga tsakiyar birni ya shigo nan, cikin tafiyar minti goma zai ga bambancin gari da aka zana a takarda da garin da ƙafa da buƙata suka shata.

Ba zan ja dogon bayani kan sansanin São Jorge da ke saman tudu ba, ko da yake shi ne baƙi suka fi tururuwa gare shi, domin yawancin bangayen da ake gani gyara ne da gwamnatin kama-karya ta Firaminista Salazar ta yi tsakanin 1938 da 1940. Abin da ya fi amfani a can shi ne ragowar gidajen Musulmi na ƙarni na 11 da aka tono, da kuma hangen kogi. Daga gabas akwai gidan ibada na São Vicente de Fora, wanda Afonso Henriques ya kafa bayan cin birnin, aka sake gina shi daga 1582, inda aka binne sarakunan gidan Braganza. A bayansa ake cin kasuwar gwanjo ta Feira da Ladra, wato Kasuwar Ɓarauniya, kowace Talata da Asabar. A bakin kogi kuma ga Casa dos Bicos, gidan da ɗan Afonso de Albuquerque, gwamnan Fotugal a Indiya, ya gina a 1523, wanda aka ƙawata fuskarsa da duwatsu masu tsini. Girgizar ƙasa ta zubar da benayensa biyu na sama, ba a mayar da su ba sai a 1983.

Farar ƙubbar da ke haskawa daga nesa ta majami'ar Santa Engrácia ce. An fara ginin a farkon shekarun 1680, ba a kammala ba sai 1966, har 'yan Fotugal suka mayar da shi karin magana, duk aikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai su ce aikin Santa Engrácia ne. Yanzu shi ne hubbaren manyan ƙasa. A cikinsa aka sa gawar mawaƙiya Amália Rodrigues a 2001, da ta ɗan ƙwallo Eusébio a 2015, wanda haifaffen Mozambik ne. Tsakanin hubbaren da wani ɗan Afirka ke kwance cikin shugabannin ƙasa da maɗebar ruwan da aka taɓa ware wa baƙaƙen maza bakin famfo guda, tafiyar 'yan mintuna ce da ƙafa.

Amma Malam Edita, duk waɗannan duwatsu ne, kuma abin da ya bambanta Alfama da gidan adana kayan tarihi shi ne mutanenta. Daga irin waɗannan unguwanni na talakawa, musamman Mouraria da Alfama, waƙar fado ta fito a ƙarni na 19, waƙar bege da kewa da ake rerawa da gita mai tsirkiya 12, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2011. A watan Yuni kuma ana bikin waliyyi António, wanda aka haifa daura da babbar majami'a wajajen 1195, ya rasu a Italiya a 1231. Daren 12 ga wata ana gasa kifin sadin a ƙofar gidaje, ana ƙawata lunguna, kowace unguwa ta fitar da ayarinta don gasar rawa da waƙa, kuma 'yan Alfama na cikin waɗanda suka fi yawan lashe ta. Majami'ar da ke wurin haihuwarsa ta rushe a 1755, yaran unguwa suka riƙa roƙon kwabo-kwabo don sake gina ta, al'adar da ta daɗe bayan an gama ginin. Irin waɗannan abubuwa maƙwabta ne ke riƙe su, waɗanda suka san juna tun kakanni, kuma babu hukumar da za ta iya ɗaukar ma'aikata su yi su a madadinsu.

Waɗannan maƙwabtan ne ke ƙarewa. Bayan Fotugal ta karɓi bashin ceto na yuro biliyan 78 a 2011, an sauya dokar haya a 2012 ta yadda masu gida suka sami sauƙin ƙara kuɗi da kuma sallamar tsofaffin 'yan haya, waɗanda da yawansu suka yi shekaru suna biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A daidai lokacin ne yawon buɗe ido ya bunƙasa, kuma bayar da ɗaki ga baƙo na kwana biyu ko uku ta intanet ya fi bayar da shi ga iyali riba nesa ba kusa ba. A 2017 aka buɗe sabuwar tashar manyan jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa a gaban unguwar, jirage masu tsayin da ke tare hangen kogi, kowane yana sauke dubban mutane a safiya guda. Jirgin lantarki mai tarago ɗaya, mai lamba 28, wanda tsofaffi ke hawa don guje wa hawan tudu, sau da yawa yakan iso cike da masu ɗaukar hoto. A ƙarshen 2018 hukumar birnin ta dakatar da ba da sabon lasisin masaukin baƙi a Alfama da wasu tsofaffin unguwanni, amma a lokacin aikin gama ya gama a lunguna da yawa. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa gundumar Santa Maria Maior, wadda ta ƙunshi mafi yawan Alfama, ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mutanenta a cikin shekara goma.

Adalci ne in faɗi cewa kuɗin baƙi ya yi amfani. Kafin zuwansa gidaje da yawa suna zubewa, wasu ba su da banɗaki, masu su kuma ba su da kuɗin gyara saboda hayar da suke karɓa ba ta isa komai ba, kuma matasa sun daɗe suna barin unguwar tun kafin wannan guguwa. Yau an yi fenti, an gyara rufi, mutane sun sami aikin yi. Damuwata ita ce an gyara gidajen ne ba don masu zama cikinsu ba. Na ga ƙofofi jere, kowace da ɗan akwatin mabuɗi mai lambobi a jikinta, alamar cewa babu mai kwana a ciki fiye da mako. Na kuma ga hotunan tsofaffin mazauna da aka manna a bangayen wasu lunguna don girmama su, na yi ta tunanin nawa ne daga cikin jikokinsu za su iya biyan hayar ɗaki a bayan waɗannan bangayen. Ni kaina a irin wannan masauki na sauka, kuma sai bayan kwana biyu na gane cewa ɗakin da nake ciki gidan wani iyali ne a dā, abin da ya sa ban ƙara jin daɗin kwana a cikinsa ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne a ware wani mako a shafin tarihi na wannan jarida a kawo cikakken labarin mutum takwas na Idrisi, a kuma buga hoton zanen Maɗebar Sarki tare da bayanin dokar 1551, domin masu karatu su gani da idonsu. Idan kuma akwai wani mai karatu da ke zaune a Lisbon, ina fata ya rubuto ya shaida mana halin da 'yan hayar Alfama ke ciki a bana.

Wassalam.

Naka,
Mai bibiyar jaridarku a kullum